GARGAƊI: Naira 69,500 wani mai tallar kayan mota ya cinye min a kan shok ɗin but

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana biyar ke nan ina buɗe waya in fara rubuta wannan magana, sai kunya ta sa in goge. Amma jiya da daddare na ga mutumin ya sake saka tallarsa a Facebook da sabon suna, hotunan nan dai su ne ba su canza ba, har wata baiwar Allah tana tambayarsa farashi a ƙasan tallar. Barci ya ƙaurace min. Na ce ko za a yi da ni a gari, sai na faɗa.

Naira 69,500 ya ci min. Ba a kan inji ba, ba a kan taya ba, a kan ƙarafan nan biyu masu riƙe ƙofar but idan an ɗaga ta, waɗanda bakanikai ke ce wa shok ɗin but. Naira 48,000 kuɗin kaya, 6,500 kuɗin mota daga Legas, sai kuma 15,000 da na ƙara masa daga baya, wadda ita ce take ci min rai fiye da sauran duka. Ku haɗa ku gani, 69,500 cif.

Motata Toyota Highlander ce ta 2005, ƙirar farko wadda aka yi daga 2001 zuwa 2007. Abban yara ne ya bar min ita da ya canza mota. Sana'ata girkin biki da suna da walima a nan Kano, shekara 12 ke nan, kuma but ɗin motar nan shi ne rabin sana'ar. Idan na kwantar da kujerun baya manyan kuloli shida ke shiga, ban da katan na ruwa da faranti. A rana ɗaya sai in buɗe ƙofar nan sau 20. Wanda bai san nauyinta ba ba zai gane abin da nake faɗa ba: ƙarfe ne da gilashi da injin waifa duk a jikinta, idan shok ya mutu hannu biyu za ka sa ka ɗaga, kuma kana saki ta biyo ka.

Tun bara ta fara. Da rana ta tsaya, da asuba ta riƙa saukowa a hankali kamar mai gyangyaɗi. Bakanikena ya ce min iska ce a matse a cikin bututun, iskar naitirojin, da ɗan mai kaɗan da ke jiƙa robar bakinsa. Idan robar ta tsufa iskar ta riƙa sulalewa, sanyi kuma yana ƙara rage mata ƙarfi, shi ya sa da hunturu asirinsa ke tonuwa. Ya ce canza shi ake yi, kuma biyun tare, don in ka sa sabo ɗaya tsoho ɗaya, sabon zai ɗauki nauyin shi kaɗai ya mutu da wuri, ƙofar ma ta riƙa karkacewa.

Na saya. Ina so a ji wannan da kyau, domin akwai masu cewa kwaɗayin araha ne ya kai ni. Bara na sayi sabbi dal a leda, Naira 14,000, irin marasa sunan nan. Wata uku suka yi suka mutu. Shi ya sa bana na ce na asali nake so ko nawa ne. Ni da na biya 48,000 a kan abin da na taɓa saya 14,000, ina arahar da na bi? Mai kyau na nema, don kada in sake komawa gidan jiya.

Tun da waɗancan suka mutu, muciya nake tokare ƙofar da ita. Tsohuwar muciyar tuwon biki, doguwar nan. Ranar wata Lahadi da safe muna loda abincin suna, autana ɗan shekara 9 ya sunkuya zai tura kula ciki, gefen kular ya bugi muciyar. Ina tsaye a bakin get na ji ƙarar. A kafaɗa da ƙeya ta same shi. Bai ma yi kuka nan da nan ba, tsugunnawa ya yi ya riƙe wuya yana kallona. Allah ya taƙaita, kumburi ne kawai, amma kwana uku ba ya iya juya kai. Da ɗan yatsa ne a bakin ƙofar fa? Da wuyan ne ya shiga sosai? A wannan halin nake lokacin da na ga tallar mutumin nan. Duk mai cewa na yi gaggawa, ya fara ganin ɗansa a tsugunne haka tukuna.

Ranar Talata na yi masa magana. A'a, Litinin ce da daddare, Talata ce muka yi kiran bidiyo. Shafinsa cike da hotunan fitilu da madubai da bamba, mabiya da yawa, mutane suna ta rubuta "kaya sun iso, Allah ya ƙara kasuwa". Ya ce shi ɗan Arewa ne, shekara da shekaru yana kasuwar kayan mota a Legas, kwantena yake saukewa. Hausarsa tsaf, babu gargada.

Ga abin da ya sa na yarda da shi, kuma har yanzu shi nake ta juyawa a raina. Ban gama bayani ba ya ce, "Hajiya, kafin mu yi maganar kuɗi, turo min lambar shasi." Lambar nan mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Na fita da fitilar waya na ɗauko masa. Ya ce, "Ƙofar taki da hannu ake ɗagawa ko ta lantarki ce mai maɓalli? Don ba iri ɗaya ba ne." Na ce da hannu. Ya ce, "To kada ki yarda wani ya sayar miki da na ƙirar 2008, jikin motar ya canza, ba zai hau daidai ba. Kuma kada ki sayi ɗaya, biyu ake sawa." Kalma da kalma abin da bakanikena ya faɗa min. Ku gaya min, wace ce za ta ji wannan ta ce ɗan damfara ne? Ɓarawo ne zai tsaya tambayar lambar shasi?

Sai kiran bidiyon. Ya nuna min kanta cike da kaya har sama. Ya ɗauko shok ɗaya a kwalinsa, ya nuna min tambarin Stabilus, ya ce kamfanin Jamus ne, kuma gaskiya ne, na bincika daga baya akwai kamfanin, aikinsu ke nan. Ya kafa ƙarfen a ƙasa, ya ɗora hannu biyu ya danna da duk nauyinsa, da ƙyar ya motsa, yana saki ya miƙe a hankali. Ya ce, "Kin gani Hajiya? Mai rai ke nan. Wanda hannu ɗaya ya tura shi, gawa ne." Muna cikin haka ya ce, "Hajiyata yi min haƙuri minti goma, an kira La'asar." Ya kashe. Bayan minti goma sha wani abu ya sake kira yana cewa Allah ya karɓa mana.

Wannan "an kira La'asar" ita ta gama da ni. Wallahi ita ce. Ina kwance sai in ji muryar a kunnena. Na ce a raina mutumin da ya bar ciniki ya tafi salla ba zai ci haƙƙina ba. Da sunan Allah ya shigo min, da sallar La'asar ya karɓi 54,500 ɗina. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Na ma yi ciniki fa. 55,000 ya fara cewa, na tsaya a 45,000, muka daidaita a 48,000. Da ya turo lambar asusu na ga sunan ba nasa ba ne, kuma na tambaya, ba wai ban lura ba. Ya ce na yaron shagonsa ne, nasa ya cika iyakar abin da zai karɓa a rana. Ni ma akwai ranar da nake ba wa kwastoma asusun ƙanwata idan nawa yana ba da matsala. Shi ya sa ban ga abin mamaki ba. Na tura 54,500, alat ya shiga, ya turo min hoton kwali an naɗe da salatif ruwan ɗorawa, da sunana da lambata a rubuce da maka.

Kuma kaya sun zo. Wannan shi ne abin da mutane ba sa ganewa idan na ba su labari, suna zaton tun farko ya gudu. Bai gudu ba. Ranar Juma'a direba ya kira ni daga tasha, na aiki yarona ya karɓo. Ban buɗe ba sai da na kai gareji, ina ta murna, har na ce wa bakanike yau muciya za ta koma kicin.

Ya sa reza ya yanka salatif ɗin. Babu kwalin da aka nuna min, tsohuwar jarida ce aka naɗe su da ita. Tun kafin ya ɗaga su warin fenti ya buge ni. Ya jera su a kan bonet, sai ga ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kusan faɗin yatsu uku. Baƙin fentin feshi aka yi musu, har ya taɓa sandar ƙarfen mai sheƙi, wadda ko ƙwarzane ba a so ta samu don ita ke shiga ta fita ta cikin robar. Ya kankare da farce, tsatsa ta fito. Takardar tambarin kuwa a karkace aka manna ta, gefenta ya ɗago, da ya ɓare ta sai ga tsohon rubutu a ƙasa, 280N. Ya ce, "Hajiya, wannan lambar mai N ita ce ƙarfin turawarsa. Wannan na bonet ne ko but ɗin ƙaramar mota. Ƙofar jif irin taki kowane ɗaya sai ya haura 400 nesa ba kusa ba." Sannan ya ɗauki gajeren ya tura da tafin hannu ɗaya. Ya shige sulub kamar famfon keke, bai ko dawo ba, baƙin mai ya biyo sandar ya ɓata masa yatsu.

Bai ce min komai ba. Yaransa uku suna tsaye suna kallo, su ma babu wanda ya yi magana. Da ma faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi. Domin ya gaya min tun farko, na manta ban faɗa ba, tun ranar Litinin ɗin ya ce in bari ya cire tsohon ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa da shi a hannu ya nemo min Beljiyam mai rai, a gwada a jikin mota kafin a biya. Ni ce na ce a'a, na gaji da gwaje-gwaje, sabo na asali nake so. Kuma har yanzu ban ga laifin son sabo ba. Wanda ɗansa ya tsallake rijiya da baya ba zai so kwance ba.

A nan garejin na kira mai tallar. Bugu ɗaya ya ɗauka. Na ɗauka zai yi musu, sai ya hau salati. "Innalillahi! Hajiya turo min hoto." Na tura. Ya kira yana faɗa da wani a gefe, ina jin yana cewa ka kashe ni, ka ba direba kayan da za a zubar. Ya ce yaronsa ne ya haɗa kwalina da na wani, nawa kuma an riga an sayar, saura wata samfur da ta fi tsada da 17,000, amma tunda laifinsu ne shi zai ɗauki rabi, in cika 8,500, sai kuɗin mota 6,500. Ya ce waɗancan in ajiye kawai, kada in wahalar da kaina da mayarwa. Ya ce, "Hajiya ki rufa min asiri, kada ki rubuta komai a shafina, da sunan nan nake ci da iyalina."

Na tura. 15,000. Ina zaune a cikin mota a ƙofar gareji, gilashi a rufe don kada bakanike ya ji, na tura.

Na san abin da za ku ce. Amma ku tsaya a inda na tsaya. 54,500 ɗina tana hannunsa. Mutum ya ɗauki waya, ya ba da haƙuri, ya ce zai ɗauki rabin asara. In na ƙi, na yi sallama da 54,500. In na ƙara 15,000, wataƙila in fita. Lissafin da na yi ke nan, kuma lissafin ɗan kasuwa ne, ba na wawa ba. Ban san cewa wannan ma yana cikin tsarinsa ba, tura ruɓaɓɓen kaya da gangan don a samu ƙofar karɓar na biyu. Shekara 12 ina karɓar kuɗin mutane kafin biki, wani lokaci rabin miliyan, ban taɓa cin sisin kowa ba, shi ya sa nake auna mutane da kaina.

Asabar ya ce motar ta tashi. Lahadi ya ce ta lalace a Lokoja. Kai, ina jin maganar Lokoja ranar Litinin ce, don Lahadi ina wurin aiki, bikin da aka yi a wani ɗakin taro, inda na tsaya a gaban motocin mutane ina tokare but da muciya, mai gadi yana ce min Hajiya a yi a hankali kada ta faɗo wa wani. Na nemi lambar direba, ya turo wata da ba ta shiga. Na nemi hoton takardar tasha, ya ce yana asibiti mahaifiyarsa ba lafiya, har na yi mata addu'a. Har addu'a na yi mata! Talata da safe na duba WhatsApp, hotonsa ya ɓace, saƙona alama ɗaya. Na kira, a kashe. Na shiga Facebook, babu shafin. Na karɓi wayar ƙanwata na duba, shafin yana nan, ni kaɗai aka toshe. Kwana biyu bayan nan ya canza suna gaba ɗaya.

Da na zauna na bi masu yabon nan ɗaya bayan ɗaya, sai na ga yawancinsu ba su da hoto ko ɗaya na kansu, kuma kalmominsu kusan iri ɗaya ne. Kantar da ya nuna min a bidiyo kuwa, bakanikena ya ce kowa zai iya shiga shagon wani a kasuwa ya ce yana nuna wa kwastoma kaya, babu mai hana shi. Shok mai ran da ya danna a gabana na mai shagon ne. Ni dai an yi min sakiyar da ba ruwa, an nuna min na kirki an turo min gawa.

Na je banki. Na cike takarda, an ce za a tuntuɓi bankin da kuɗin ya shiga, an kuma ce in kawo rahoton 'yan sanda, mayar da kuɗi kuma sai da umarnin kotu tunda da hannuna na tura. Zan bi, ko da abin da zan kashe ya fi 69,500. Ba kuɗin ne kaɗai ba. Ribar aiki biyu ce cur, tsayuwa a gaban murhu tun ƙarfe uku na dare, hayaƙi a ido, amma ko ita ba ta kai min zafin yadda ya mayar da ni abin wasa ba, yana ce min Hajiyata.

Abban yara 54,500 ya sani. Ban iya gaya masa maganar 15,000 ba, a nan zai gani. Ka yi haƙuri Abban yara, kunya ce ta hana ni.

Ina da komai a ajiye. Sikirinshot na hirarmu tun daga sallamar farko, rasit biyu na turawa, na 54,500 da na 15,000, saƙonnin muryarsa guda 11 har da wanda yake rantsuwa da Allah, hoton kwalin, da bidiyon da na ɗauka bakanike yana tura shok ɗin da hannu ɗaya. Zan saka su da zarar na rufe lambata da adireshina da suka fito a ciki. Sunan asusun kuma an ba ni shawarar in fara kai wa hukuma kafin in watsa, don mai yiwuwa na wani ne aka yi amfani da shi, ni kuma ba zan ɗauki alhakin wanda bai ji ba bai gani ba. Ƙarafan ma suna nan a but, na naɗe su a jaridarsu. Bakanike ya ce kada a huda su kuma kada yara su jefa su a wuta, don ko mataccen yana iya saura da iska a ciki.

Mai neman wannan abu, cire tsohon ka tafi da shi a hannu. Ɗan kilif ne a kowane kai, da sukundireba ake ɗaga shi, amma wani ya riƙe maka ƙofar. A auna tsawonsa a miƙe daga tsakiyar kai zuwa tsakiyar kai, a duba lambar N, a duba kawunan iri ɗaya ne. Wanda ya shige da hannu ɗaya ko yake da mai ko fenti a sandarsa, a bar shi. A ɗaura a mota a ga ƙofa ta tsaya, sannan a biya. Sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, kada a tura. An turo ba daidai ba an ce a ƙaro kuɗi, kada a ƙara.

Ni da nake duba buhun shinkafa sai na soka hannu har tsakiya kafin in biya, ni ce na tura 69,500 a kan bidiyo. Da bai tambayi lambar shasin nan ba, wallahi da ban tura ba. Da bai ce an kira La'asar ba. Gobe bakanike zai shiga kasuwa da tsohon a hannu kamar yadda ya ce tun farko, Asabar ina da abincin mutum 300, kuma na hana auta zuwa kusa da motar har sai an ɗaura.

Baiwar Allah da kika tambaye shi farashin fitilar gaba jiya da daddare, na tura miki saƙo ta akwatinki. Don girman Allah ki buɗe ki karanta kafin ki tura masa ko sisi.